Neman Matokarin Bindiga da Hannu Ɗaya

Juma'a, Landover

Wayar matata Hajiya Rakiya ce ta kira mana assalatu, don a Landover ba ka jin ladani daga ɗaka. Muka yi sallah, ta cika fulas da shayi, ta naɗe ƙosai a takarda. Ni kuwa na buɗe akwatin ƙarfe na ɗauko bindigata, na duba babu harsashi a cikinta, na sa ta a gidanta na kulle, harsashin kuma na zuba a wata jaka dabam. Da hannu ɗaya na yi duk wannan. Hajiya na tsaye tana kallo, ba ta miƙo hannu ba, don ta san in ta miƙo faɗa za mu yi tun gari bai waye ba.

Ku da ke gida Ningi gutsi-gutsi kuka ji labarin ciwona, bari in haɗa muku shi. Bara da azumi ɓarin jikina na hagu ya shanye. Allah ya sa baki ya dawo, ƙafa ma ta dawo, sai ɗan ja da nake yi. Hannun ne ya ƙi. Ya dunƙule kamar na ɗan dambe, yatsun ba sa buɗewa, ba ya ɗaguwa sai na ɗaga shi da ɗan'uwansa. Tun daga lokacin aljihu ya zama gidansa. Ko a masallaci a can yake.

Kun san mahaifinmu maharbi ne, kuma ni na gaji abin. Karatu ya kawo ni College Park, aikin safiyo ya riƙe ni har na yi ritaya, amma duk kaka, in ganye ya fara ja, ina cikin wata ƙungiyar maharba da ke hayar daji a yammacin Maryland. Da lasisina, da bisimillata, da wuƙata. Barewar nan ta ƙasar nan ta sha zama dambu da kilishi a hannun Hajiya shekara ashirin da wani abu.

Ɗanmu na fari likita ne a Clinton. Likita muke ce masa tun kafin ya zama, tun da ba ma kiran sunansa. Shi ne ya fara cewa a sayar da bindigar, har ya samo mai saye cikin abokan aikinsa. Daga bakinsa maganar ta bazu. Ranar wani suna, wani dattijo da muke girmamawa ya dafa ni a gaban jama'a ya ce, "Alhaji Sabo, hannun da ya rage maka, carbi ya kamata ya riƙe."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da hannun dama ake jan carbi, da shi kuma ake jan kunamar bindiga. Bai taɓa kawo mini ƙarar aiki ya yi masa yawa ba."

Shugaban ƙungiyarmu wani tsohon Bature ne, Ray, manomi, mai maganar da ba ta da kwana. Da na kira shi ya ce akwai wata bukka a bakin daji mai teburi a ciki, an yi ta don masu rauni, zan iya harbi daga can a zaune. Amma sai na ci gwajin da kowa ke ci kafin a buɗe farauta: harsashi biyar, huɗu su shiga faranti na takarda a nisan yadi ɗari. Ya ce in zo da matokari, wato abin da ake ɗora bindiga a kai bisa teburi, da sharaɗi biyu. Ni zan ɗauke shi in kafa da kaina, kuma gindin bindiga a kafaɗata zai zauna. Gwajin ranar Asabar ne. Shi ya sa muka fita ranar Juma'a neman matokari.

Kan hanya

Hajiya ce a sitiyari, don an hana ni tuƙi. Ba mu ratsa cikin Washington ba ko da yake wani lokaci ya fi kusa, saboda dokar bindiga a can dabam ce, mai hankali ba ya gwada ta. Muka hau Beltway, babban titin da ya kewaye birnin, muka zagaya ta Greenbelt da College Park, fitilun motoci ja-ja-ja a gabanmu kamar garwashi, kowa na sauri ya riga cunkoso. Kafin rana ta fito mun karya kan titin 270, mun miƙi arewa.

Mun wuce Gaithersburg kaɗan sai ga shuɗiyar fitila tana wal-wal a bayanmu. Hajiya ta ce, "Innalillahi. Ni da nake tafiya kamar hawainiya?" Ta gangara gefe ta tsaya.

Ɗan sandan yaro ne, bai kai Likita ba. Ta gefena ya zo saboda motocin da ke wucewa. Ya ce fitilarmu ta baya ɗaya ta mutu. Ya karɓi lasisin Hajiya, sannan ya tambaya ko akwai makami a motar. Na ce akwai bindigar farauta a but, a kulle, babu harsashi a ciki. Nan take fuskarsa ta canza. Idonsa ya sauka kan aljihun rigar sanyina, inda hannuna yake a dunƙule ya yi tudu.

Ya ce, "Ɗora hannuwanka a gaba. Duka biyu."

Na ɗora na dama. Na hagu yana inda yake.

"Na ce duka biyu!"

Ya ja baya taku ɗaya, hannunsa ya tafi ƙugunsa. Ku duba halin da nake ciki. Hannun ba zai fito da kansa ba. In kuma na kai na dama aljihu don in ciro shi, me yaron nan zai ɗauka nake cirowa? Na ji harshena ya yi nauyi kamar ranar da ciwon ya same ni.

Hajiya ce ta yi magana, da muryar da take yi wa tsofaffin da take jinya a wurin aikinta, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya. Ta ce mijinta ya yi shanyewar ɓarin jiki, hannun ba ya motsi, babu komai a aljihun sai shi. Ta ce in ya yarda, zai sa ɗaya hannun ya fito da shi, sannu-sannu, yana kallo.

Yaron ya ce to. Na kama wuyan hannun na jawo shi na ajiye a gaban gilashi. Ya kwanta a nan a murɗe, a rame, farcen sun nutse cikin tafi. Rabon da wani bare ya gan shi tun a asibiti. Na ce da Hausa, "Ya shekara bai bi umarnina ba, naka zai bi?" Hajiya ta harare ni.

Ɗan sandan ya sauke numfashi. Ya ba da haƙuri, ya ce kakarsa ma haka nata yake. Ya leƙa but ya ga komai a kan ƙa'ida, ya ce mu gyara fitila, ya yi mana fatan sa'a. Ban ga laifinsa ba, aikinsa ya yi.

Da ya tafi Hajiya ba ta tayar da mota ba.

"Alhaji, mu koma gida. Ka ga abin da ya kusa faruwa a kan naman da ake sayarwa a kanti."

"Ba nama na fito nema ba."

"To mene ne?"

"In na koma yanzu, Hajiya, kujerar falo ce za ta cinye ni. Yau bindiga, gobe a ce kada in hau matakala, jibi a ce kada in yi alwala ni kaɗai. In kin gaji, sauke ni a Frederick, zan nemi mota."

Can ta ce, "Ka nemi mota, da bindiga a kafaɗa da wannan bakin naka? Sai dai in je belinka." Ta murɗa makulli.

A Frederick muka sha mai, muka ci ƙosan da ya riga ya huce, wani bakanike ya sauya mana ƙwan fitila. Daga nan titin 70 ya hau dutse da mu. Itatuwa sun yi ja da ruwan ɗorawa har iyakar gani, sanyi na shigowa ta ƙasan ƙofa.

Shagon bayan Hagerstown

Daga Landover zuwa Hagerstown kusan mil tamanin ne. Shagon da Ray ya kwatanta mini yana bayan gari, tsakanin gonakin masara da aka girbe. Da muka shiga, ni da hulata da jan ƙafa, Hajiya da hijabinta har gwiwa, hirar mutanen da ke ciki ta tsaya cak. Na gaishe su da ƙarfi kamar na shigo gidan ƙanina. Biyu suka amsa.

Mai shagon wata dattijuwa ce mai furfura, tabarau rataye a wuya. Na gaya mata abin da nake nema da dalilinsa, ban ɓoye komai ba. Ba ta yi mini kallon tausayi ba, abin da ya fara burge ni ke nan. Ta ce matokari ba a zaɓensa da ido, in ɗauko bindigata mu je baya. Ashe akwai filin gwaji a bayan shagon, da benci da teburin siminti da tudun ƙasa a can nesa. Ta ba mu abin toshe kunne, ta kwaso kaya iri huɗu.

Na farko buhunan yashi ne, babba a gaba ƙarƙashin bakin bindiga, ƙarami a baya ƙarƙashin gindinta. Su ne mafi araha, kuma ba sa lalacewa. Amma ta nuna mini yadda ake aiki da su: hannun hagu ne ke matsa ƙaramin buhun, in ka matsa gindi ya ɗaga baki ya sauka, in ka saki baki ya hau. Duk saitin a yatsun hagu yake. Muka dubi juna, ta ture su gefe.

Na biyu ƙafafu biyu ne da ake ɗaura wa bindigar kanta. Ba su da nauyi, na so su. Da na harba sai suka yi tsalle a kan simintin, bindigar ta karkace, gindin yana lilo a kafaɗata babu mai riƙe shi. Harsashin ko takardar bai taɓa ba.

Na uku ne ya kusa raba ni da Hajiya. Wani gadon ƙarfe ne dogo, mai riƙe bindiga gaba da baya, har da wurin ɗora nauyi don ya shanye shurinta. Da ƙyar mai shagon da Hajiya suka ɗora shi a teburi. Aka kwantar da bindigar a ciki, aka murɗa nan aka murɗa can har tsakiyar takarda ta zauna a madubin saiti. Aikina kawai in taɓa kunama. Na harba uku, ukun suka shiga kusan rami ɗaya.

Hajiya ta tafa. "Alhamdu lillahi! Shi ke nan, a naɗe mana wannan."

Mai shagon ta ce galibin masu irin lalurata shi suke saye.

Na ce, "Wa ya harba?"

Hajiya ta ce, "Kai mana."

"Ko jikanmu aka ɗora a bencin nan haka zai yi. Kafaɗata ba ta ji komai ba. Ba zan iya ɗaga shi ba, Ray ba zai karɓe shi ba, barewa kuma ba za ta tsaya ina murɗa ƙarfe ba."

"Kai dai ba ka son sauƙi. Duk abin da zai hutar da kai maƙiyinka ne."

"Wanda zai hutar da ni daga zama mutum, i."

Mai shagon ba ta jin Hausa, amma ta gane. Ta jawo na huɗu. Wannan matokarin gaba ne kawai, mai ƙafa uku a baje, da matashin fata a sama inda katakon bindiga ke kwanciya, da wani gargare a tsakiya da ake juyawa ya hau ko ya sauka. Ta ce in duba abu huɗu. In girgiza shi in ga ko yana rawa: bai yi ba. In ga ko matashin ya rungumi katakon bindigata ba tare da ya matse shi ba, don dole ta samu hanyar ja da baya in ta tashi: ya yi daidai. In ga ko hannuna na dama zai kai ga gargaren ban ɗaga kunci daga bindiga ba: ya kai. Sannan in ɗauke shi in zagaya teburi. Na ɗauka na zagaya sau biyu, ina jan ƙafa, ina kallon Hajiya.

Mai shagon ta haɗa mini da ƙaramin matashi mai kunne biyu na baya. Na harba biyar. Uku suka yi kyau, biyu suka yi sama, don duk harbi sai gindin ya nutse cikin matashin, babu mai tallafe shi.

Dattijuwar ta dubi aljihuna ta ce, "Wancan hannun, a dunƙule yake koyaushe?"

Na ce i.

"Da ƙarfi?"

"Ko ni ba na iya buɗe shi."

"To ai kana da abin da ya fi yashi. Ɗora shi a gaban matashin, gindin bindiga ya zauna a kansa."

Raina ya ɓaci. Sau ɗaya an sa ni na baje shi a gaban bare yau, ya isa. Na ce mata hannuna ba buhu ba ne. Ta ɗaga kafaɗa ta ce bindigata ce, hannuna ne. Na biya kuɗin mai ƙafa uku da matashinsa, na rataya jakar da kaina har mota.

Gidan Malam Isufu

Masaukinmu gidan Malam Isufu ne, mutumin Maraɗi, direban babbar mota, wanda muka yi maƙwabtaka da shi a Landover kafin ya komo Hagerstown. Tare muka je Juma'a a wani ɗan masallaci da Pakistanawa suka fi yawa. Da muka dawo matarsa Hadiza ta sauke shinkafa da wake da mai da yaji, ga kwaɗon zogale irin nasu, ga fura da ta dama da nonon kanti. Da Hajiya ta ba da labarin safiya, Malam Isufu ya riƙe baki.

"Jandarma ya kama ku da bindiga, kuma ga ku kuna cin wake? Alhaji, mi kake nema a duniya wanda ba ka samu ba?"

Na ce, "Faranti na takarda, a yadi ɗari."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce shi kamyonsa ta kai shi jihohi da yawa, bai taɓa ganin Bahaushe mai taurin kai irina ba, sai wani kawunsa da ya hau raƙumi da karyayyar ƙafa.

Bayan magariba Likita ya kira. Ya ji labarin ɗan sanda daga uwarsa. Da Hausa ya fara gaisuwa, da ransa ya ɓaci ya koma Turanci, kamar yadda suke yi.

"Baba, ni na ɗauke ka daga ƙasan banɗaki. Ni na riƙe kanka har motar asibiti ta zo. Ba na so in je in ɗauko ka daga daji."

Wannan ta shige ni. Na yi shiru har ya ce, "Baba, kana ji?"

Na ce, "Ina ji. Allah ya yi maka albarka, ban manta ba. Amma ka ɗauke ni ne don in tashi, ko don ka samu abin ajiyewa a falo?"

Ban jira amsarsa ba.

Na ce, "Ga magana ɗaya. In na faɗi gobe, kira mai sayenka, ni da kaina zan miƙa masa. In na ci, ka bar ni da dajina."

Ya ce bai yarda da rabin maganar ba. Na ce ban nemi yardarsa ba, sanar da shi na yi.

Asabar, bayan Hancock

Da hantsi muka isa. Daga Hagerstown ka bi yamma ka wuce Hancock, ka sauka daga kwalta ka bi tsakuwa cikin duwatsu. 'Yan ƙungiya sun taru, motoci a jere, kofi na tururi. Rabona da su tun kafin ciwo. Wasu suka rungume ni, wasu suka rasa inda za su sa idonsu. Wani ya kai hannu zai karɓi jakata, Ray ya ce, "Bar shi. Sharaɗi ne."

Da layi ya zo kaina na kafa matokarin, na daidaita ƙafafunsa, na kwantar da bindiga, na sa matashi a baya. Hannun hagu yana aljihu. Na yi bisimilla.

Na farko ya shiga. Na biyu ya shiga. Na uku ya yi sama. Na gyara, na huɗu ya shiga ta gefe. Na biyar ya sake yin sama, ya tsaga iska a kan farantin. Uku cikin biyar.

Ray ya dawo da farantin yana juya shi, ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Sabo, na san harbinka shekara da shekaru. Akwai wata 'yar tsaga a bakin nan, zan iya cewa harsashi ne."

Na karɓa na duba. Ƙusa ce ta yi tsagar, shi ma ya sani.

Na ce, "Ray, ka taɓa yi wa wani haka?"

"A'a."

"To kada ka fara a kaina. In na yarda, barewa ce za ta biya, ta tafi da harsashi a ciki ta mutu a wahale. Doka ta ba kowa gwaji biyu ko?"

"Biyu."

"Kafa wani."

Yayin da yake tafiya na waiwaya. Hajiya na tsaye bayan igiya da abin toshe kunne a kan hijabi, ta harɗe hannu. Haɓa kawai ta ɗaga ta nuna aljihuna. Mutum goma sha wani abu ne a bayana.

Na sa hannun dama na ciro shi. Na ɗora shi a kan teburi a gaban kowa, na tura shi gaban matashin, na ɗaga gindin bindiga na sauke a tsakanin babban yatsa da manuni. Ya zauna daram, kamar don shi aka sassaƙa wurin. Na kwantar da kunci, na juya gargaren kaɗan har farantin ya tsaya a tsakiyar madubi. Bai motsa ba. Na saki rabin numfashi, na ja.

Shurin ya bi ta kafaɗata ya sauka har cikin dunƙulen, na ji shi can nesa, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Na ja hannun bindiga kwanson harsashi ya fita, na tura wani. Gindin yana inda na bar shi. Na sake. Na sake. A na huɗu idona ya kawo ruwa, na tsaya na goge da kafaɗa, ban bari kowa ya matso ba. Sannan na biyar.

Ray ya tafi ya dawo. Ya ɗaga farantin sama rana ta ratso ta ramuka biyar. Ba su haɗu wuri ɗaya ba, ɗaya ma a bakin-baki yake, amma duk suna ciki. Turawan nan suka ɓarke da ihu suna bubbuga mini baya har na kusa faɗowa daga benci. Ray ya ce bukkar tawa ce, amma ba zan shiga daji ni kaɗai ba, sai da wani a gefena, haka dokarsu take ga duk mai zama a can. Na ce wannan na yarda.

Ina haɗa kaya sai na ji Hajiya a kaina.

"Matsa."

"Na'am?"

"Matsa in ga abin nan da ya hana ni barci shekara ashirin."

Tun da muka yi aure ba ta taɓa taɓa bindigar nan ba, ko ƙura ba ta goge mata. Ray ya ce in dai yana tsaye a kanta babu laifi. Ya matso da faranti yadi hamsin, ya nuna mata yadda za ta manna gindin a kafaɗa, da inda yatsa ke zama har sai an shirya. Ta gyara hijabi, ta zauna, ta ce, "Bisimillahi, Allahu akbar," kamar mai yanka kaza. Ƙarar ta tashi, ta yi baya, ta ce, "Wayyo kafaɗata!" Sannan ta ce, "Ya shiga?"

Ya shiga. Ta harba uku, biyu suka shiga. Ta miƙe tana murza kafaɗa, ta ja Ray gefe suna magana ƙasa-ƙasa, yana nuna mata wani abu a wayarta. Na tambaya, ta ce ba da ni take ba.

Komawa gida

Muka biya Hagerstown muka yi wa su Malam Isufu sallama, Hadiza ta cusa mana yaji a jaka. A hanya ba mu yi hira sosai ba. Wajen Rockville cunkoso ya riƙe mu, la'asar ta kusa fita muka shiga Landover. Motar Likita na ƙofar gida.

Ya tarye mu a falo, ya durƙusa ya gaishe mu. Na miƙa masa farantin. Ya ƙirga ramukan da yatsa, ya sake ƙirgawa, ya ajiye.

"Harbi dabam, daji dabam, Baba. Wa zai zauna da kai? Ni ba zan je ba, na gaya maka."

Kafin in buɗe baki ya lura uwarsa na cire hijabi da hannu ɗaya tana yamutsa fuska.

"Umma, me ya samu kafaɗarki?"

"Bindiga ce ta shure ni."

Ya dube ta, ya dube ni.

Ta ce, "Ni zan zauna da shi. Na sa sunana a ajin koyon ƙa'idar farauta, Asabar mai zuwa. Miƙo mini man zafi a kan firji."

Likita ya zauna a hannun kujera ya dafe kai. Ya ce, "Yanzu ni wa zan kai wa ƙara?" Ya ɗauko man ya shafa mata da kansa, yana faɗa ƙasa-ƙasa da Turanci. Har ya tafi bai ce ya yarda ba, amma na ji shi a bakin ƙofa yana gaya wa wani a waya cewa an fasa sayar da bindiga.

Mun dawo lafiya, godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Malam Isufu da iyalinsa, da dattijuwar shago da na yi wa tsawa alhali ita ce da gaskiya, da Ray da ya yarda ya kafa faranti na biyu. Ku gaida kowa a gida, ku ce jiki da sauƙi.

Asabar ɗin ajin Hajiya ta zo daidai da wata babbar walima a Clinton, wadda tun watan jiya aka ba ta tukunyar tuwo. Ɗazu na ji ta a kicin tana waya da uwar biki. Ta ce su nemi wata mai tuƙi, ita tana da makaranta.